Tokar Da Ruwa Bai Wanke Ba

Shekara biyu bayan an yanke mana Zamfara daga Sakkwato, ɗana na fari ya ce ba zai tafi cin rani ba. Sauran maza suka bi motar Gusau, wasu suka wuce kudu, shi ya zauna. Yana da wata 'yar gona a gindin duwatsun Kwatarkwashi, ya ƙudurta zai haƙa rijiya a cikinta ya yi lambun albasa. Rani ɗaya gare shi. In rijiya ta ba da ruwa, gidansa ya ci har damina. In ba ta bayar ba, ya rasa cin rani, ya rasa lambu, kuma abin da ke rumbunsa ba zai kai su shuka ba. Na san haka, don na leƙa rumbun da idona.

Wurin da ya zaɓa yana bakin wani kogo, inda mu mata muke haƙo farar ƙasa ta shafen ɗaki. Dalilinsa kowa ya yarda da shi. A ƙasan kogon akwai wani farin dutse, in ka fasa shi sai ka ga ƙananan katantanwa a ciki, irin na bakin rafi. Maza suka ce ai magana ta ƙare, inda katantanwa take nan ruwa yake.

Ni kuwa tun ina amarya nake shiga kogon nan. Mun ci bangonsa da fartanya, mu da iyayenmu, har ya tsaya sak ya fi ni tsawo, kuma a jikinsa ƙasa ta jeru hawa-hawa kamar zannuwa a cikin adaka. Can ƙasa farin dutse mai katantanwa, da 'yan ramuka inda saiwar ciyawa ta ruɓe ta bar gurbinta. Samansa farar ƙasa mai laushi, katantanwa jefi-jefi. Samanta jan yashi da tsakuwa, babu katantanwa ko ɗaya. Sannan wani baƙin layi mai kaurin tafin hannu, toka da gawayi da fasassun tukwane. Daga nan sai kashin jemage har sama.

Akwai wata malamar makaranta a Gusau, Kirista ce, mutuniyar Filato, takan zo ran kasuwa ta karɓi farar ƙasa a wurina. Wata rana ta ga guntun farin dutsen a cikin ƙwaryata. Ta ɗauka ta jujjuya, ta yanka lemun tsami ta matsa a kai. Dutse ya kama kumfa yana tsuwa.

Ta ce, "Inna, wannan dutsen ruwa ne ya haife shi. Ɗigo-ɗigo, shekara bisa shekara. Kaurin yatsa ɗaya na dutsen nan ya girmi kakarki."

Na ce, "Ke ɗiyar nan, kin san kakata kuwa? Ta ga shekarun fari bakwai, ba ta mutu ba sai da ta gaji."

Ta yi dariya ta ce duk da haka. Na riƙe maganarta. Ban yi makaranta ba, amma na san lissafin tuwo: wanda aka fara kwashewa shi ke ƙasan akushi.

To ga inda abin ya tsaya mini. Mai rijiyar nan ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban kira sunansa ba, ban zauna na yi hira da shi ba, haka muka tarar haka muke yi. In ya shigo gaishe ni, yakan durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa ina duban wani wuri. Uwar da za ta tare ɗanta na fari a gaban maza ta ce masa ya yi kuskure, ta zubar da kunyarta, ta zubar da tasa. Kwana huɗu suna haƙa ina gida. Zurfin ramin ya kai gaba biyu.

Ran na biyar da hantsi na ɗauki fartanya da ƙwarya kamar mai zuwa ɗibar farar ƙasa. Na tarar da mahaƙin da ya ɗauko daga Nahuce, wani dattijo sa'ana, ya fito daga rami yana shan fura. Ɗana na tsaye riƙe da igiya. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai, ya koma bayan tarin ƙasa. Ban dube shi ba.

Na ce, "Malam, sannu da aiki. Zo ka ɗora mini ƙwarya in na cika."

Ya ce, "Inna, ni da ke wa zai ɗora wa wani? Mu biyu in an haɗa haƙoranmu ba su cika baki guda."

Ya dai biyo ni cikin kogon. Na ɗaga murya yadda na waje zai ji, na sa bakin fartanya a kan farin dutsen.

"Malam, mi ka gani nan?"

"Katantanwa. Shaidar ruwa."

"Nan fa?"

"Yashi. Ba komi."

Na kai fartanya kan baƙin layin. "Wanga fa?"

Ya kankare da farce, ya shinshina. "Toka ce. Murhun mutanen da, waɗanda sunka zauna bisa dutse."

Na ce, "To ina tambayarka, kai da ka san ruwa. Akwai macen da ka hura wuta cikin idon ruwa?"

Ya sake duban tokar da ke farcensa.

Na ce, "Ruwa ya zauna nan, ban musa ba. Ya daɗe har ya haifi dutse. Sannan ya rage, katantanwa ta rage. Sannan ya tafi, yashi ya rufe wurin. Sai da ƙasa ta bushe ƙarau mutane sunka zo sunka girka tukwanensu. Kuma dubi tokar nan, kwance take yadda anka bar ta. Da ruwa ya sake leƙowa ko sau ɗaya, da ya wanke ta. Kakata ta ce kakanninta daga bayan dutse suke ɗauko ruwa a kai, ta wajen itacen ɓaure. Wanda ke da ruwa a ƙofar ɗaki ba ya zagaya dutse da tulu."

Dattijon ya tsuguna. Ya daɗe yana bin layukan da yatsa daga ƙasa zuwa sama, ya sake bi daga sama zuwa ƙasa. Can ya ce, "Shekara talatin ina shiga rami, ƙasan ƙafata nike duba. Ban taɓa duba bango ba." Ya ɗaga murya shi ma, yana kallon rufin kogon. "Ni dai da gonata ce, da na tashi daga nan tun yau. Wutsiyar gonar ba ta kai wajen ɓaure ba?"

Daga waje aka ce, a hankali, "Ta kai, Baba."

Na cika ƙwaryata, ya ɗora mini, na wuce ta gaban ramin ban waiga ba. Ina jin ƙarar igiya ana naɗe ta.

Ban ce musu ga inda ruwa yake ba, don ban sani ba. Abin da bangon ya nuna mini shi na faɗa. Mahaƙin ne ya zagaya wutsiyar gonar da daginsa, ya duba ciyawa, ya duba gidan tururuwa, ya kafa alama. Suka fara daga farko, kwana biyar sun tafi a banza, kuma mutanen gari ba su bar ɗana ya huta da ba'a ba. Wai ya haƙa wa jemagu rumbu.

A gaba shida suka sami yashi mai sanyi. A ta bakwai ruwa ya tsattsafo, ja wur, yana taruwa a hankali. Irin albasarsa ya ɗan girme dashe, bai sami yadda ya so ba, amma ya samu. Gidansa bai kwana da yunwa ba har aka yi shuka.