Yatsu Huɗun Inna Mai Rara

Duk wanda ya taɓa kai wa surukata ɗinki ya san abu biyu game da ita: ba ta saɓa alkawari, kuma ba ta jin magana. Za ka tsaya ta gwada ka da tef, ka ce mata, "Inna, daidai jikina nake so," ta ce, "To." Ran da ka zo karɓa, sai ka juya bakin rigar ka tarar ta kalmashe yadi yatsu huɗu a ciki, ta kuma bar wani a gefe da gefe. Shi ya sa unguwa ta sa mata Inna Mai Rara, ita kuwa takan amsa tun kafin a rufe baki.

Idan yaro ne, hujjarta a fili take: zai girma. Idan amarya ce, za ta yi jiki. Wani tsohon malamin makaranta, siriri kamar tsinken tsintsiya, ya taɓa tambayarta shi kuma ina zai girma zuwa a shekarunsa. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Malam, ni dai ban taɓa ganin mutumin da Allah ya gama da shi ba. Juya in ga kafaɗar."

Shagonta ɗaki ɗaya ne a ƙasan benen da muke zaune, kusa da matakala. Akwai baƙin keken ɗinki na ƙafa, da gwangwanin maɓallai da allurai, da madubi mai tsaga a kusurwa, da bencin da matan unguwa suke zama su warware matsalar duniya ba tare da sun kawo ɗinki ba. A bango akwai hoton aurenta. A cikinsa doguwa ce sosai, ta fi angon tsawo nesa, tana tsaye cak kamar ita ce za ta kare shi. Ni ban taɓa ganinta haka ba. Mijin ya rasu ɗansu yana goye, ta zauna a kan keken nan ta ciyar da yaron ta sa shi makaranta, keken kuma ya karɓi bayanta a madadin lada. Lokacin da na shigo gidan ta riga ta ranƙwafa, sai ta karkata kai take iya kallon fuskar mutum. Rigunanta ma yanka na musamman take yi musu, gaba gajere baya dogo, don kada ta taka.

Da farko ba mu shirya ba, don rigar aurena ma ba ta tsira ba. Na yi kuka na ce ta mai da ni buhu. Bayan shekara guda, da ciki ya turo, na sauko da rigar a kunyace. Sai da ta gama farke gefen sannan ta ce, "Buhun ya cika ke nan?" Muka yi dariya har na riƙe ƙugu, tun daga ranar na zama 'yarta.

Cikin nan shi ne Tsigi. Ubanta ne ya sa mata sunan, don ƙanƙantarta da rashin zamanta wuri ɗaya. Maigidana makaniki ne, mutum mai ƙarancin magana, amma a gaban yarinyar nan sai ya zama aku. Kowace safiya yakan sauko da ita a wuya, ya leƙa shago ya durƙusa ya gai da uwarsa, ita kuma ta ce, "Yaron nan, ka ci abinci kuwa?" ko da furfura ta fara fito masa. Tsigi ta tashi a ƙarƙashin teburin yanka tana tsince ƙyallaye. Da idon Inna ya fara rauni, ita ce mai zura mata zare a allura, kuma ba kyauta take yi ba, sai an biya ta da maɓalli mai ƙyalli. Ƙawata, haka suke kiran juna. Duk lokacin da riga ta ɗage mata, kakar takan tsai da ita a kan benci ta sauke kalmasa kaɗan. In ka dubi rigunanta za ka ga layi-layi na tsohon ninki, kowanne shaidar inda ƙafarta ta taɓa tsayawa.

Tana aji biyu zazzaɓi ya kama ta. Mun ɗauka irin wanda aka saba ne, sai ya hau mata kai. Muka kai ta asibiti, likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, ikilisiya ta yi addu'a, ubanta ya yi alkawura ga Allah waɗanda ni kaɗai na ji. Wata safiya, rana ta fito sarai, ana shara a barandar asibitin, Tsigi ta tafi. Ba ni da kalmar da zan sa wa abin da na ji. Na dai san na yi ta mamakin yadda motoci suke ci gaba da wucewa a titi.

Da muka dawo gida, Inna ba ta hau sama wurin masu gaisuwa ba. Ta buɗe shago ta jawo farin yadi, muna ta jin ƙarar keken daga sama. Ba ta gwada kowa ba, awon yana kanta. Kafin rana ta yi tsaka ta hawo matakala da ƙyar, riƙe da 'yar riga mai maɓallai masu ƙyalli, ta miƙa wa ɗanta.

Ya karɓa yana shafawa, har yatsunsa suka kai bakin rigar. Sai na ga ya tsaya. Ya juya ta, ga kalmasa nan yatsu huɗu cif.

"Inna, har yau?" ya ce. "Ina za ta girma zuwa? A cikin ƙasa?"

Wata daga cikin mata ta ce, "Haba, hannu ne ya saba, ka yi haƙuri."

"Ba sabo ba ne," in ji Inna. "Na ɗauki almakashi zan yanke daidai ita, na ajiye. In na yanke, na ce ke nan an gama da ita, ni kuwa ban yarda ba. Yesu ya kwana a kabari ya fito da ƙafarsa. Ba zai bar mini ƙawata a can ba."

Maigidana ya ajiye rigar a kan kujera a hankali ya fita.

Ni na sa wa 'yata rigar. Gaskiya a maƙabarta ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin fasto ba, ko da yake an ce ya yi kyau. Abin da na riƙe shi ne kaurin kalmasar nan a tsakanin yatsuna. Mutum ɗaya a duniya ya yi wa 'yata shiri kamar mai sauran tafiya a gaba, kuma da wannan na iya tashi daga gado a kwanakin da suka biyo. Na fara saukowa shago ina zura wa Inna zare. Wani lokaci mu yi kuka, wani lokaci mu tuna ɓarnar Tsigi mu yi dariya, wani lokaci ta yi ta rera waƙar coci ƙasa-ƙasa tana taka keke.

Maigidana kuwa, abin da ya warkar da ni shi ne ya soke shi. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya dai daina zuwa coci, ya daina sunkuyar da kai in ana addu'ar abinci, ya kuma koma fita ta ƙofar baya don kada ya wuce ta gaban shago. Fasto ya zo, ya karɓe shi da ladabi, ya raka shi har bakin titi, shi ke nan. Ya ce mini sau ɗaya, "Na roƙa, an hana ni. Kada a zo kuma ana yi mini wasa da yadi." Na ji tsoro ƙwarai. Na binne 'ya, ga miji yana bushewa a tsaye ina kallo.

Na je na sami Inna na ce, "Don Allah ki ce masa mantuwa ce, ki ba shi haƙuri, a wuce wurin."

"In yi wa ɗana ƙarya don ya gaishe ni?" Ta ciji zare ta tofar. "'Yata, bar shi. Ciwo ne yake magana, ba shi ba. Shi ma ba a gama da shi ba."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan gado ne. Ni ce a tsakiya, ina kai abinci ƙasa ina kawo shiru sama. Sau ɗaya igiyar keken ta tsinke, washegari muka tarar an sa sabuwa, an zuba mai, har ƙafar teburin da take girgiɗi an cusa mata waigin katako ta tsaya. Inna ta taka keken ta ji yadda yake gudu, ta ce, "Aljanun gidan nan sun iya aiki." Ni da ita mun san aikin ɗanta ne.

Haka shekaru suka tura. Da jikinta ya ƙi, shi ne mai ɗaukarta a hannu ya hau da ita sama, shi ne mai kai ta asibiti, shi ne mai gyara mata matashi a bayan nan da ba ya kwanciya daidai. Duk abin da ɗa yake yi wa uwa ya yi, amma maganar nan ɗaya tana nan tsakaninsu ba a taɓa ta ba. In ta ce, "Sai mun haɗu da ƙawata," sai ya tashi ya ce zai duba ruwan zafi.

Ana saura kaɗan ta bar duniya, ta kira ni ta ce, "Akwai farar riga a akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Na ɗinka abata tun ido yana gani. Ba a fafe gora ranar tafiya." Ta cika da yamma, hannunta a cikin nasa.

Ni da wasu mata biyu daga coci muka shirya ta. Da muka sa mata rigar, sai ta wuce ƙafafunta ta zubo. Babbar cikinsu ta girgiza kai. "Allah sarki, tsufa. Tela guda ta ɓata awon kanta. A kawo allura mu kama ƙasan."

Na leƙa na ce wa maigidana ya ɗauko mana gwangwanin allurai a shago. Na ji saukarsa, na ji ƙarar ƙofar da ya yi shekaru bai buɗe da rana ba. Ya daɗe a ciki fiye da yadda ɗauko gwangwani yake bukata. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa zai miƙo mini, sai idonsa ya sauka a kan rigar.

Ya shigo ya dube ta daga wuya har ƙasa. Ni ma sai a lokacin na lura: ba irin yankan da ta saba yi wa kanta ba ne. Gaba da baya tsawonsu ɗaya, kafaɗa a buɗe, irin rigar doguwar matar da take cikin hoton bango.

Babbar matar cocin ta miƙa hannu za ta karɓi allura, ya riƙe gwangwanin gam.

"Kada ku taɓa," ya ce. "Ba kuskure ba ne. Awon tsayuwarta ne."

Ya durƙusa a gefen gadon kamar yadda yake yi da safe a da, ya ja ƙasan rigar ya daidaita shi a kan ƙafafunta. Sai kukan da bai yi a maƙabarta ba ya zo masa gaba ɗaya, na dafa bayansa ina jin yadda yake girgiza.

"Za ki miƙe, Inna," ya ce. "Na ji. Za ki miƙe."

Ya share fuska da hannun riga, ya sunkuya kusa da kunnenta.

"Ki gai da ƙawarki. In rigar ta ɗage mata, ki sauke mata kalmasar."