Murafan Kwalbar Mai Ƙosai

Ina da takardar shaidar malanta, kuma a lokacin da abin nan ya faru na shekara goma sha ɗaya ina riƙe da aji ɗaya a wata ƙaramar makarantar al'umma a unguwar Ogui, cikin Enugu. Na faɗi wannan tun farko ne don kada a zaci ɗan koyo mai ƙosai ta kayar.

A Coal Camp muke zaune, gidan haya mai ɗakuna takwas suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida. 'Yata ta fari sunan mahaifiyata ta ci, don haka ba na kiran sunanta, uwata nake ce mata. Tun tana goye na ƙudurta cewa ni zan koya mata karatu, kuma da Hausa za ta fara, tunda yaran da aka haifa a Enugu kafin ka ankara Turancin titi da Igbo sun riga ka zuwa bakinsu. Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa mutane. Na gaskiyar daban ne. Yaran mutane da yawa sun karanta kalmarsu ta farko a gabana, na san abin da fuskar yaro ke yi a daidai lokacin: ya dubi allo, ya dube ka, kamar ka daɗe kana ɓoye masa wani abu yau ya kama ka. Sau ɗaya ake yin wannan fuskar. Ina so in ga ta 'yata, kuma ni za ta kalla.

Da ta kai shekara huɗu da rabi na samo guntun katako wajen wani kafinta, na shafe shi da baƙin fenti, na rataye a bangon ɗaki. Kullum bayan la'asar sai darasi. Ba, be, bi, bo, bu. Da, de, di, do, du. Layi bisa layi, da rubutun da sufeto ya taɓa yabawa. Cikin sati uku ta haddace allon kaf, har tana rausaya kai.

Mahaifiyarta tana tsince shinkafa a bakin ƙofa ta ce, "Malam, waƙa fa take yi."

Na ce, "Ke kika yi kwalejin ko ni?"

Amma da ta shiga kicin na ɗora yatsa a kan "bo" na ce, "Uwata, mene ne wannan?" Sai ta koma farkon layi, tana motsa leɓe a hankali, ba, be, bi, har ta iso inda yatsana yake. Na ce wa kaina mataki ne, kowane yaro yana bi ta nan.

A ƙofar gidanmu akwai wata mata daga kudancin Kaduna da ke tuyar ƙosai safe da yamma. Kowa Mama yake ce mata, ita kuma Oga Tica take ce mini. Iyakar karatunta, a faɗarta, shi ne littafin waƙoƙin coci na Hausa. Wata Asabar na fito da safe na tarar da yaran gidan su biyar zaune a kan buhu, nesa da murhu, uwata a tsakiya. A gabansu murafan kwalbar lemo ne barbaje, cikin kowanne an rubuta gaɓa ɗaya da jan farce. Mama ba ta ko kallonsu. Ta ce, "Ka-za," ta bugi gefen kasko sau biyu da cokalin tsame ƙosai. Yaran suka rufu a kan murafan suna tono. Wanda ya haɗa biyun daidai aka miƙo masa ɓarɓashin ƙosai. Sai a kwashe murafan a zuba a gwangwanin madara, a girgiza, a sake watsawa.

Na gaishe ta, na ce, "Mama, wannan wane tsari ne?"

Ta ce, "Babu tsari, Oga Tica. Don kada su matso kusa da wuta ne."

Na yi mata bayani cikin ladabi cewa sai yaro ya san baƙaƙe da wasula a jere kafin a kai shi ga haɗa gaɓa, in ba haka ba, sai a ruɗa shi. Ta saurare ni tana juya ƙosai. Ta ce, "To. Na you sabi book." Wato ni ne na san boko. Ba da gatse ta faɗa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

A ranar na hana uwata zama wajen tuya. Na ce hayaƙi bai dace da ƙirjin yaro ba.

Mahaifiyarta ta ce, "Shekara biyu tana zama a wurin, Malam. Yau hayaƙin ya fara?"

Na yanka kwali da reza, na auna da rula, na yi katuna ɗari masu kyan gani, ban ce a wajen kowa na ga dabarar ba. Na jera su a tabarma, gidan "ba" daban, gidan "ka" daban. Uwata ta sa hannu ta cakuɗa su. Na sake jerawa.

Ta ce, "Baba, a gwangwani ake zubawa a girgiza."

Na ce, "Ba a girgiza ilimi, uwata."

Yanzu na san jerin nan shi ne matsalar. Muddin "bo" na zaune tsakanin "bi" da "bu", yarinya ba ta buƙatar ta dube shi, maƙwabtansa za su faɗa mata. Murfin da ya fito daga gwangwani ba shi da maƙwabci, dole ta kalle shi ido da ido. A lokacin ma ina jin na sani. Amincewa ce ban yi ba, don zai zama daga bakin kasko na samo.

Dokar hayaƙi kuwa ba ta aiki sai ina gida. Ƙarfe bakwai nake fita in hau keke zuwa Ogui in koya wa yaran mutane, ita kuma ba a sa ta makaranta ba tukuna.

Wata Alhamis na biya ta kasuwar Ogbete da takardar cefane da mahaifiyarta ta rubuta mini. Na dawo na ajiye leda, takardar ta faɗo ƙasa. Uwata ta ɗauka. Ina kwance igiyar takalmi na ji ta tana buga gwiwa da tafin hannu.

"Wa-ke. Ge-ro. Ki-fi." Ta leƙa ledar. "Baba, ka manta kifi."

Ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta karanta ne yadda mutum ke duba agogo. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

Na ce wa mahaifiyarta, "Tun yaushe?"

"Ya kai sati biyu."

"Ba wanda ya ga ya dace a faɗa mini?"

"Mama ce ta ce a bari ka gano a wajen darasinku, ka ɗauka kai ne. Ta ce ka fi ta son abin."

Da Mama ta yi mini gori da na san yadda zan yi da ita. Tausayina ta ji.

Duk da haka wanda ya koya wa ɗanka karatu ana zuwa a yi masa godiya, ko wane ne shi. Washegari bayan an sauko daga Juma'a na sa babbar riga, na ɗauki sabulu sanda biyu, na fita ƙofar gida. Na gaishe ta gaisuwar manya, na tambayi maigidanta da yara da mutanen gida. Na yi godiyar, ta fito daidai.

Ta ce, "Haba, Oga Tica. Kanka ta ɗauko. Ni me na sani?"

Na ce, "Mama, wace kalma ta fara karantawa?"

Ta dakata da cokali a hannu, ta yi tunani da gaske. "Kai. Ko gida ne, ko rana? Wallahi ban riƙe ba, ranar masu saye sun yi yawa."

"To da ta karanta, yaya ta yi? Fuskarta nake nufi."

"Baya na ba ta, Oga Tica. Mai yana neman ƙonewa. Ihunta kawai na ji, na miƙa mata ƙosai ta baya."

Ashe babu wanda ya gani. An yi fuskar nan a ƙofar gidana, ana kallon bayan mai tuya, ni kuma ina Ogui ina nuna wa ɗan wani "ba". Na so wannan ya rage mini zafi, tunda ita ma ba ta samu ba. Bai rage ba. Ta dai ji ihun.