Kabarin da Na'urar Awo Ta Matsar

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Talata, wani tsoho daga Digil yana zaune a kan bencin ofishinmu na awon filaye, ya ɗora hularsa a gwiwa. Rigarsa wankakkiya ce, dugadugansa kuwa duk faso. Na rubuta sunansa a rajista, Vandi. Ban taɓa ganinsa ba sai yau.

Jiya aka auna gonarsa. Na'urar da ke karɓar bayani daga tauraron ɗan'adam ta nuna cewa kabarin matarsa ya shiga filin maƙwabcinsa da taku biyar.

Murtala mai awo yana lallashinsa. "Baba, rana ce ta yi aman wuta a 'yan kwanakin nan. Guguwarta takan rikita taurarin da muke aiki da su, har lantarki takan kashe a wasu ƙasashe. Awon jiya ba abin dogaro ba ne. Ranar Juma'a za mu sake."

Tsohon yana murza bakin hular. Ina zaton shi ya haƙa kabarin nan da hannunsa.

"Ɗana, kafin Juma'a ranar za ta huce?"

"Muna fata, Baba."

"Maƙwabcina ya ga awon da idonsa. Ya ce gobe zai sa garma."

Yana miƙewa da ƙyar, yana laluben sandarsa a ƙarƙashin benci.

"Bari in je in zauna wajenta har ku zo."