Ruwan da Na Roƙo wa Baffa

Mun bar Zariya ana sallame sallar asuba, ranar Alhamis ta makon jiya, ni da wani aminina a kan tsohon babur ɗinsa. Shi ke tuƙi, ni ina baya rungume da jaka, ba komai cikinta sai biro biyu da farar takarda. Abin da ya tashe ni saƙo ne daga Baffa, ƙanen mahaifina, mai noman rani a wani ƙauye can gaban Ikara, ta wajen Paki. Lambunsa yana bakin wani kogi da gwamnati ta datse da dam. Saƙon ya ce an fi wata guda ba a saki ruwa ba, tumatir ya fara 'ya'ya yana ƙonewa, in zo in rubuta musu takardar koke da Turanci tunda ni ne ɗan bokon gidan. Tun da aka rage mu daga aiki bara ba wanda ya sake neman bokon nawa, saboda haka na tafi da ɗoki, har da sa wa rigata guga.

Da ma ba hanyarmu ba ce, amma muka ratse ta Kudan don an ce mana akwai mai a can. Mun tarar da gidan man a rufe, akuya na kwance a gindin famfo. Dole muka koma wa 'yan bumburutu, suka sayar mana da galan a kan kuɗin da bara zai cika tanki har a yi canji. Kafin mu shiga gari akwai shingen sojoji. Sun sa wani direban a-kori-kura, mutum mai furfura, yana tsallen kwaɗo a gefen titi, fasinjojinsa sun sunkuyar da kai. Ba mu tambayi laifinsa ba. A wannan zamani wanda ya tambaya shi ne na biyu a layi.

A Kudan muka karya da koko da ƙosai. Tsuke bakin aljihun da ake ta faɗa a rediyo ya iso har cikin kaskon mai ƙosai, don ƙosan bai fi goro girma ba. Mai shayin da ke kusa ya ce in muna son mai madara sai mu zo da madararmu. Gefen titi kuwa kwandunan tumatir ne jere, masu su na zaune a inuwa suna jiran manyan motocin kudu, su kuma motocin ba taya ba mai. Na kalli tumatirin nan yana laushi a rana, na ce a raina ga masu ruwa suna kuka, ga mu za mu wajen marasa ruwa.

Makarfi kam tun daga nesa ƙamshin mazarƙwaila ke yi wa mutum maraba. Mun tsaya wajen masu matse rake, doki na zagaya injin, ruwan rake na tafasa a manyan kasake. Na sayi curi biyu don kada in shiga gidan Baffa hannu rabbana. Daga nan zuwa Ikara hanyar ta lalace ƙwarai, ramin da ka kauce wa shi ke miƙa ka ga yayansa, har aminin nawa ya daina ba ni haƙuri. Mun yi azahar a Ikara, muka ci waina da miyar taushe, muna kallon layin masu jiran sabulu da sukari ya zagaye wani kanti, wani soja na daidaita shi da bulala.

La'asar sakaliya muka isa ƙauyen. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ban sani ba, Baffa bai bari na sha ruwa na huta ba, ya ja ni lambu. A nan na ga yadda suke aikinsu. Idan ruwa ya ja baya, su ma sai su bi danshi su gangara, su yi fangali, wato 'yan ƙananan fegi na shuka, har cikin ƙwaryar kogin. Ba su jin tsoro, don tun da aka gina dam ɗin kaɗan-kaɗan ake sakin ruwan rani, ya zo yana rarrafe bai wuce idon sawu ba. In an ji zai zo, sai a fasa gaɓar ƙasar da ta kare lambu, a buɗe masa bakin magudana ya shiga fangali da kansa. Bana da ruwan ya ƙi zuwa, kusan kowa ya gangara ƙasa.

Tumatirin Baffa ya yi 'ya'ya sosai, amma ganyen ya nannaɗe. Ya ce mini damina ba ta yi kyau ba, rumbu ya kusa ƙasa, wannan lambun shi ne abincin gidansa har sabon hatsi. Maƙwabcinsa a lambu wani Kirista ne daga kudancin Kaduna, kowa na kiransa Baban Talatu. Leburanci ya kawo shi lokacin ginin dam ɗin, aiki ya ƙare ya zauna. Injin ban ruwa ɗaya suke da shi su biyu, sun ajiye shi a wani rami tsakiyar kogin suna tatsar ɗan abin da ya rage. Baban Talatu ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, “Malam, ka zuba musu Turanci mai nauyi, irin wanda ba a jefawa a kwandon shara.”

Na kuwa zuba. Ranar Juma'a da hantsi muka hau babur zuwa ofishin dam, tafiyar kamar rabin awa ta hanyar rairayi. Jami'in da ke wurin ya karɓi takardar, ya karanta layi biyu, ya yi murmushi.

“Ai kun zo a daidai,” in ji shi. “Gobe da ƙarfe goma za a buɗe.”

“Ranka ya daɗe, gobe-gobe?”

“Gobe. Umarni ne daga sama.”

Na yi godiya har ina durƙusawa. Ban tambayi komai ba. Ban ce ƙofa nawa za a buɗe ba, ban ce me ya sa umarnin da ya gagara wata guda ya zo yanzu ba. Gaskiyar magana, na ɗauka Turancina ne ya yi aiki, kuma wannan wauta har yau in na tuna ta sai in ji kamar in nutse.

Ana idar da sallar Juma'a na sanar da jama'a. Da yamma aka yi gayya. Maza da fartanya suka farfasa gaɓar da ke kare lambuna, aka yashe magudanai, aka buɗe kowane baki. Wasu ma suka ɗauko irin albasa suka dasa a ƙasan kogi don ya tari ruwan. Ba wanda ya ga dalilin fitar da injin daga raminsa, ruwan idon sawu me zai yi masa? Matar Baffa ta yi mana faten tsaki da yakuwa, Baffa na ta nuna ni ga mutane yana cewa, “Kun gani? Ba a banza aka sa shi makaranta ba.”

Asabar da safe na ce bari mu je dam mu ga buɗewa, mu kuma ƙara godiya. Muna isa muka ga abin da ba mu zata ba. An kafa rumfa, an jera kujeru, ga motar sojoji, ga ƙananan motoci masu ƙyalli, ga lemo cikin ƙanƙara. Wasu manyan hafsoshi na zaune da iyalansu. Can gefe Turawa uku, baƙinsu, suna sauke wasu ƙananan kwale-kwale na roba daga kan mota, ja da rawaya. Kowanne na mutum ɗaya ne, ana zura ƙafafu a ciki kamar ana sa takalmi, a ɗaure bakin a ƙugu. Sun sa hular kwano, kowa na riƙe da sandar tuƙi mai faɗi a kai biyu. Ƙasa da dam ɗin kogin ya bi ta cikin duwatsu, akwai wani gangare da ya kai tsayin mutum biyu, a bushe ƙayau.

Ƙarfe goma aka busa usur. Na ji ƙasa na rawa a tafin ƙafata, sai ga ruwa ya fito da ruri, fari fat, ya cika tsakanin duwatsun nan kafin ka ce kwabo. Gangaren da ke bushe ya koma wani abu mai ban tsoro, ruwa na zuba yana tashi kamar hayaƙi. Baturen farko ya shiga. Ruwan ya fizge shi, yana kaɗa sandar dama da hagu, ya kauce wa dutse, ya miƙe kan gangaren, ya faɗa ƙasa da kai. Ya ɓace. Na ce shi ke nan, an yi gawa. Sai ga shi ya ɓullo a kife, ya yi wata juyawa da ƙugu ya dawo daidai, yana ɗaga sanda yana ihu. Rumfa ta kaure da tafi. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya burge ni, ni ma na tafa. Na tafa wa na farko, na tafa wa na biyu.

Ina cikin tafin ne wani dattijo mai gadin dam ya taɓa kafaɗata. Jiya ya gan ni da takarda.

“Kai ba ɗan masu lambun ƙasa ba ne?”

Na ce ni ne.

“To me kake yi a nan? Duk ƙofofin aka buɗe. Wannan ba ruwan lambu ba ne, na wasan baƙi ne. Ba a gaya muku ku kwashe ba?”

Ban san lokacin da na hau babur ba. Aminina ya murɗa iya murɗawa, rairayi na kayar da mu muna tashi, ina ta salati ina roƙon Allah ya sa mu riga ruwan isa ƙauye. Amma mu muna zagaye, shi ruwa miƙe yake tafiya.

Da muka isa babu ƙwaryar kogi, babu fangali. Jan ruwa ne gaɓa zuwa gaɓa, yana tafe da itatuwan tumatir da saiwarsu, da kwanduna, da fartanya. Bakunan da muka buɗe da hannunmu jiya su suka kai shi har lambunan tudu, waɗanda da an bar gaɓarsu da sun tsira. Mutane na tsaye a sama, mata na kuka. Na ga Baffa jiƙe har wuya, zaune kusa da Baban Talatu da ke kwance yana amayar da ruwa. Ashe da Baban Talatu ya ji rurin ya ruga don ya ciro injin, ruwan ya tarar da shi a ramin, sai da Baffa ya jefa masa igiyar guga aka jawo shi. Injin ya tafi. Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba, abin da kowa ke ta maimaitawa ke nan, don ba wani abin faɗa.

Kafin azahar ruwan ya janye, baƙi sun gama wasa an rufe ƙofa. Abin da ya bari laka ce da rairayi, da jajayen tumatir a warwatse kamar an yi yanka. Na koma ofis ni kaɗai, raina na tafasa. Jami'in bai ko ɗago kai sosai ba. Ya jawo takardata daga aljihun tebur ya nuna mini sa hannuna.

“Kun roƙi ruwa, an ba ku. Me kuma?”

Na ce to a ci gaba da sakin kaɗan, ko abin da ya tsira a tudu ya rayu. Ya ce dam ya yi ƙasa ƙwarai da sakin yau, ba za a ƙara taɓa shi ba sai damina. Wani soja a bakin ƙofa ya gyara tsayuwa, ni kuwa na gane an gama magana.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan karon ni na ja, wasu ya doka. Na so a ce wani a ƙauyen ya zage ni, da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Lahadi da safe, ana kaɗa ƙarfen coci, Baban Talatu ya biyo yana ɗingishi don ya yi mini sallama, har yana ce mini kada in sa abin a rai. Matar Baffa ta wanke ɗan tumatirin da aka tsinto daga laka ta ƙulle mini a leda in kai wa iyali. Na ce ba zan karɓa ba, ta ce in ban karɓa ba na raina su.

Mun dawo ta Makarfi ba mu tsaya ko'ina ba. Mun shiga Zariya da la'asar. Uwargida ta yi miya da tumatirin, na kasa ci.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗi. Wata guda talakawa na kuka aka ce ba hali, rana ɗaya baƙi suka so nishaɗi aka sami hali har ya yi yawa. In mai mulki ya ce wa talaka to da sauri, ya tsaya ya tambaya don wa aka ce ta. Ni da aka aika saboda na yi karatu, tambayar da na iya ita ce yaushe, na manta da nawa, na manta da don me.

Da za mu rabu Baffa ya rako ni har bakin hanya. Na ce masa zan rubuta wata takardar, wannan karon zuwa Kaduna, a biya su diyya. Ya dafa kafaɗata.

“A'a, ɗana. In dai har sai ka rubuta, to ka roƙe su su manta da mu. Da suka manta da mu, ƙishi kawai muke ji.”