Tafin Ƙafar Baba Mai Tayil

Babanmu mai sa tayil ne, shekara talatin da ɗoriya yana durƙushe a ɗakunan mutane. In ka shiga gida ka ga layin tayil ya tafi sambal daga ƙofa har bango, ba wanda ya ɗaga kai ya fi ɗan'uwansa, to da wuya in ba hannunsa ba ne. Amma shi ba da hannun yake taƙama ba, da kunne ne. In ya gama ɗaki sai ya bar shi ya kwana biyu, sannan ya dawo da guntun rodi ya bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Wanda siminti ya kama ko'ina, amonsa a dunƙule yake fita. Wanda ke da rami a ƙasa kuwa sai ya yi ƙara kamar tsohon gwangwani. Shi yake kira holoƙo, kuma ko mai gida ya ce a bar shi haka, sai ya ɓalle shi ya sake sabo.

Mutum ne kuma mai son takalmi, har abin ya yi yawa. Yana da dogon takalmin roba na aiki da yake wankewa kullum da yamma ya kife a jikin bango, da baƙi sau-ciki na fita wanda yake gogewa har ka ga fuskarka, da silifas na tsakar gida. Mu 'ya'yansa ba mu isa mu taka ƙasa haka nan ba. Ni na fi kowa shan faɗan, don ina 'yar shekara huɗu na tsallake igiyar da ya ɗaura, na taka ɗanyen simintin da ya shafe a ƙofar kicin. Ya yi ta faɗa kwana uku, amma bai goge ba. Sawun yana nan har yau, yatsu biyar cif.

Shi ya sa ranar da Inna ta kira ni a waya ta ce Baba ya tafi aiki ba takalmi, dariya na yi. Ina makarantar da nake koyarwa, da alli a hannuna, na ce mata mantuwa ce, tsufa ya fara leƙo shi. Ta ce kwana tara ke nan, kuma takalman ga su nan a jere ƙarƙashin gado, shi da kansa ya jera su.

Na je gidan a ƙarshen mako na gani da idona. Ya fito tsaf, riga a goge, agogo a hannu, ƙafa kuwa a ƙasa. Haka yake zuwa kasuwar kayan gini, haka yake hawa motar haya, haka yake bin gefen kwalta da rana tsaka yana neman inuwar shaguna. Dunduniyarsa ta yi faso, tafin ya yi kaushi. Na tambaye shi dalili, ya dube ni ya ce e, ya ci abinci. Na sake tambaya da ɗan ƙarfi, don ni ba a san ni da dogon haƙuri ba, ya ce ya fi jin daɗi haka, ya tashi ya bar mini wurin.

Da abin ya tsaya a takalmi da da sauƙi. Maƙwabta suka fara ƙorafi a gaishe shi ya wuce ko waiwaye babu. Mai shagon kan kwana ya ce ya tambaye shi nawa ne buhun siminti yanzu, ya amsa masa da lafiya lau. Ya daina ɗaga waya. Ya daina zama a bencin ƙofar gida inda abokansa suke hira. Rediyon da ba ya rabuwa da shi ya yi ƙura a kan taga. Wani lokaci ya yi magana da ƙarfi har ka firgita, wani lokaci ya yini bai ce uffan ba. Inna ta taɓa leƙa shi ta same shi tsaye a tsakiyar falo, ido a rufe, yana buga ƙasa da sanda yana gyaɗa kai shi kaɗai.

A wani gidan da sai a ce rigimar tsufa ce. A namu gidan akwai Goggo, yayar Baba, kuma akwai abin da ba a faɗa. Suna da wa, babban ɗan gidansu, wanda ban taɓa gani ba sai a hoto guda ɗaya. Yana saurayi, da aikinsa da komai, wata rana ya cire takalmansa a bakin hanya ya jera su, ya kama tafiya. Daga nan ya daina amsa gaisuwa, ya koma magana shi kaɗai, bai sake gane kowa ba har ya bar duniya. Goggo ce ta tsinto takalman a lokacin. Tun daga ranar, duk wanda ya shigo mata gida ƙafarsa take fara kallo kafin fuskarsa.

Da labari ya kai mata sai ga ta da sassafe. Ta kalli ƙafar Baba, ta kalli takalman ƙarƙashin gado, ba ta ko zauna ba ta ja mu ni da Inna kicin ta turo ƙofa.

"Haka ya fara," in ji ta. "Shi ma jera su ya yi."

Wallahi tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ba mutuwa nake tsoro ba, na san kowa zai tafi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne wata rana in shigo gidan nan Baba ya ɗaga kai ya tambaye ni wa nake nema. Goggo ta ce kada a ɓata lokaci kamar yadda aka ɓata wa yayansu, a kai shi asibitin masu taɓin hankali tun da wuri, a ce masa awon jini za a yi. Inna tana kuka ta yarda. Aka ɗora mini ɗauko shi ranar Talata, wai ni ce ba ya iya yi wa musu.

Ranar Litinin na kasa koyar da komai. Da aka tashi na biya kasuwa na sayi takalmin aiki mai nauyi, irin mai ƙarfe a baki. A raina na ce in ya karɓa ya sa, to da sauran magana. In ya ƙi, gobe sai asibiti. Na nufi inda yake aiki, wani sabon bene da ake ginawa na ofisoshi. Maigadi ya nuna mini hawa na biyu, har da ce mini in yi a hankali, tsohon ba ya kula kowa.

Na same shi shi kaɗai a wani dogon ɗaki da ba a sa wa tagogi ba tukuna, ya ba ni baya. Tayil fari fes tun daga ƙofa har ƙarshe. Yana tsaye ya ɗora ƙafa ɗaya a kan tayil, ya ƙwanƙwasa gefenta da rodi, ya ɗan dakata, ya matsa na gaba. Can sai ya sunkuya ya yi wa ɗaya alama da alli. Na yi sallama, shiru. Na ce Baba, shiru. Na matso har ina ganin ƙurar siminti a ƙeyarsa na kira shi da iyakar muryar da nake tsawata wa aji mai yara sittin, mutumin nan ko gezau. Haushi da tsoro suka haɗu suka tuƙe ni, na ɗaga takalman nan na maka su a ƙasa.

Kafin su gama birgima ya juyo. Ƙasa ya fara kallo, sannan ni. Ya ce, "Uwata, lafiya?" don haka yake kirana. Na fara zuba masa faɗa, ban ma san me nake cewa ba, sai na lura ba idona yake kallo ba. Bakina yake kallo, ya ɗan karkato kai, ya tattara gira kamar mai karanta ƙananan rubutu. Na dakatar da faɗan. Ina da wata ɗaliba a aji uku da take kallona haka, kuma na san dalilinta.

Na sa tafin hannu na rufe bakina, na ce da ƙarfi, "Baba, ka gane ni? Wace ce ni?"

Ya tsaya yana kallon hannun. Na sauke hannun, na maimaita a hankali yana ganin leɓena.

"Wace irin tambaya ce wannan?" in ji shi. "Ba ke ce kika taka mini siminti a ƙofar kicin ba? Yau kuma kin zo fasa mini tayil."

Na zauna daɓas a kan tayil ɗin mutane da kayan aikina, dariya da kuka suka zo mini tare. Baba ya ga asiri ya tonu, ya ajiye rodin ya zauna kusa da ni, ya miƙe ƙafafun nan masu faso.

Ya ce kusan shekara biyu ke nan kunnen yana tafiya, injin yanka tayil ne ya cinye shi a hankali. Na hagu ya mutu sarai, na dama sai an yi tsawa. Bai gane girman abin ba sai da aka kira shi wani kantin magani da ya yi wa aiki, ya tarar tayil shida sun fashe ƙarƙashin kanta, duk holoƙo, kuma shi ya ƙwanƙwasa su da hannunsa ya wuce. Ya ce bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya san in magana ta fita cewa mai tayil ba ya ji, ba injiniyan da zai sake nemansa, don kunnen ake kira ba shi ba. Sai wata rana tsakuwa ta shiga masa takalmi yana cikin dubawa, ya cire, ya buga rodin ƙafarsa tana kan tayil. Ya ji abin ya yi masa rawa a tafin ƙafa. Ya gwada na kusa, bai yi ba. Ya ɓalle na farkon, ga rami a ƙasa.

Na ce to wannan a wurin aiki ke nan, a titi fa? Ya ce in ya yini da takalmi ƙafar dushewa take, sai ta ɗauki lokaci kafin ta farka. Kuma akwai ranar da tifa ta kusa bi ta kansa, direban yana ta hon shi bai sani ba. Yanzu babbar mota tana tahowa ta baya zai ji ƙasa ta gaya masa. A gida ma in an buga ƙofa yana ji. Ya ce tun da ya ajiye takalmi hankalinsa ya dawo jikinsa, ciwon gwiwar da yake fama da shi ma ya yi sauƙi, ko da yake wannan ban gaskata ba.

Da na gaya masa inda muka shirya kai shi gobe, sai ya kalli takalman da na jefar. Ya ce a hankali ko kaɗan bai tuna da yayansu ba, shi yana ta ɓoye kunne, ashe ya bar Goggo da wannan. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya miƙe ya ce mu tafi gida, aikin ya jira.

Tun daga bakin ƙofa na fara ƙwala wa Inna kira ina cewa kurma ne, Baba kurma ne kawai. Matar maƙwabcinmu tana shanya ta saki baki tana kallona, ta rasa wace irin 'ya ce ke shelar kurumtar ubanta da fara'a haka. Inna ta fito da ludayi a hannu ta yi ta hamdala. Goggo kuwa ba ta yarda nan take ba. Ta tsayar da shi a tsakar gida, mutum mai furfura, ta kama haɓarsa ta juyo da fuskarsa gare ta, ta sa ya lissafo mata 'ya'yanta bakwai daga babba zuwa ƙarami. Ya lissafo, har ya ƙara mata da wanda ya fi su rashin ji. Sai ta sake shi ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gyale, ta yi kukan da ina jin shekara arba'in take riƙe da shi. Da ta gama ta share ido ta ce masa, "Auta, Allah ya shirye ka," ta kuma ce a ba ta ruwa.

Ranar Talata mun je asibiti, amma wurin likitan kunne. An ba shi 'yar na'urar ji da ake maƙalawa a kunne, yana sawa in ya ga dama. Ya ce duniya ta ƙara surutu tun da ya daina jin ta, musamman in Goggo ta zo. Injiniyan benen, wanda Baba yake tsoron ya sani, ya ji labari, ya cire nasa takalmin ya gwada, bai ji komai ba, ya ce Baba ya ci gaba da yadda yake yi. Takalmi dai Baba bai koma sawa ba. Mun yi yarjejeniya yana sa na ƙarfen in zai shiga inda ake fasa gini ko inda ƙusoshi suke, Inna kuma tana shafa masa mai a faso kullum tana mita.

Yanzu in na je gidan na same shi ya ba ni baya, na'urar tana aljihu, ba na wahalar da maƙogwarona. Silifas nake cirewa in matso kusa, in buga dunduniya sau biyu a ƙasa. Ba ya ko juyowa yake cewa, "Uwata, kin zo?"