Daren da Na Zama Gafiya

Kukan kwaɗi a tsakiyar rani nake fara ji duk sanda na tuna daren. Kafin a jawo ruwan kanal zuwa gonakinmu na wajen Bunkure, kwaɗo ba ya magana sai da damina. A shekarun saba'in kuwa, sai ga su suna rera waƙa cikin sanyi, mu kuma muna kewaye da wutar kara a ƙofar ɗakin Iya, kakata, dankali na gasuwa a toka.

Iya ba ta ba da tatsuniya da baki kawai. Tabarma take shimfiɗawa ta ce ga dandali, ta raba mana matsayi kamar 'yan wasan kwaikwayo. Ita ke jan labarin, mu muna yi.

A makon an yi ɓarna. Gefen kanal ya fashe cikin dare, ruwa ya kwantar da alkamar maƙwabtanmu. Aka ce shanun Malam Buba ne suka tattake wurin, Bafulatanin da rugarsa ke bayan gonarmu. Mai unguwa ya ce in har Juma'a ta zo ba a ga wani mai laifin ba, su Malam Buba su tashi.

"Takwara, yau ke ce gafiya," in ji Iya, "tunda bakinki ya fi na kowa kaifi."

Labarin gajere ne. Gafiya ta ƙosa, ba ta iya jiran ranar da rabon ruwa zai zo kanta ba, ta haƙa rami a gindin madatsa. Ramin ya fi ƙarfinta, ruwa ya cinye gidan kowa. Aka taru gaban sarki. Ƙanena Sabo ne saniya, ya durƙusa yana tauna iska. Iya ce sarki.

"Ke gafiya, me ya kawo laka a faratanki?"

Na miƙe, na goya hannu a baya, na yi gyaran murya. "Ni? Ni da ko ƙofar gida ban leƙa ba? A je a duba sawun kofato mana. Mai kofato dai shi ke da ɓarna."

Ba Iya ce ta koya mini kalmomin ba. A zaure na tsince su, inda Baba ya kwashe mako yana maimaita su ga duk wanda ya shigo. Daɗinsu kawai na ji a kunne.

Yara suka fashe da dariya. Sabo ya manta shi saniya ne, ya ce, "Wallahi kamar Baba."

Sai dariyar ta mutu. Baba na tsaye a bakin zana, buta a hannunsa.

Iya ba ta ɗago ba. Baba ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta dubi idonsa ta yi masa faɗa. Ta tura kara cikin wuta, ta ce mini a hankali, "Sake faɗa, takwara. Sarki bai ji ba."

Na kasa. Na zauna na cusa fuska tsakanin gwiwoyina.

"To," ta ce wa wutar, "gafiya dai tana da zuwa Juma'a."

Ba ta rufe tatsuniyar ba. Baba ya juya ya shige ɗaki. Juma'a ta zo, bai je wurin mai unguwa ya ce shi ne ya fasa kanal ba. Da hantsin Asabar muka hangi shanun Malam Buba sun miƙa hanyar kudu, ƙwarya ɗaure a bayan jakuna.

Na daɗe ina zaton kunyar da na ji ta kwaikwayon mahaifina ce a gaban yara. Sai da na girma na gane cewa bakina Iya ta ara, don nata a ɗaure yake, kuma duk mu ukun mun san gaskiya muka bar Juma'a ta wuce. Baba mutum ne mai taushi, yakan kawo mini furen kubewa a aljihu. Har yau ban san inda zan ajiye waɗannan abubuwa biyu ba.

Ina kwalejin horon malamai Inna, mahaifiyata, ta gaya mini saura. Da aka haife ni ta yi jinya mai tsawo, nononta ya ƙafe. Matar Malam Buba ce ta shayar da ni har na fara rarrafe.