Harsashin da Aka Shafa wa Farar Ƙasa

A shekarun da tawaye ya fara lafawa a arewacinmu, ina sakatare a wani biro, wato ofishin gwamnati, a Gure. Wata ranar kasuwa wani makiyayi ya zo daga wajen Kelle, ya durƙusar da raƙuminsa a ƙofarmu, ya sauke wani dogon ƙarfe naɗe cikin buzu. Harsashin igwa ne da bai fashe ba. Ya ce a bakin rijiya ya tsince shi, ya ga kayan gwamnati ne, shi ya sa ya maido wa masu shi.

Shugabanmu ya sa aka jingine shi a gindin bishiyar dogon yaro da ke ƙofar biro. A nan wata tsohuwa take suyar ƙosai tun kafin a kawo ni garin, kuma da kaskon nan take ciyar da jikokinta. Na roƙe ta ta ɗauke murhunta. Ta ce in ta koma bayan katanga, wa zai bi ta can da kwano?

"Ɗana, ku da kuka yi karatun lakkol kuka ajiye shi nan, ai kun san abin da kuke yi."

Na koma ciki na ɗauki takarda. Na rubuta wa manyanmu na Damagaram a zo a ɗauke shi, na sake rubutawa. Shugaba ya ce in daina tayar wa manya hankali. Ƙarfen da ya sha jijjigar raƙumi bai tashi ba, wai inuwa ba za ta tashe shi ba.

Ana nan sai aka ce tawaga na tafe don wayar da kan jama'a game da nakiyoyi. Al'adarmu ce in manya za su zo a shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa. Masu gadi suka ga jerin da giɓi, suka mirgino harsashin suka cike gurbin da shi, dab da murhun tsohuwa, suka shafe shi fes. Babban baƙo ya tsaya gefensa yana jawabi da Faransanci ga mutanen da ba sa jinsa, yana ɗaga hoton irin ƙarfen, yana cewa duk wanda ya gani kada ya taɓa, ya sanar da hukuma.

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, hukuma ta sani. Ga shi nan kusa da takalminka."

Ban taɓa ganin manyan riguna sun yi sauri irin na ranar nan ba. Washegari sojoji suka zo suka fasa shi bayan tudun yashi, ƙarar ta girgiza tagoginmu.

Daga nan aka shiga neman mai laifi, ba a kuwa sha wuya ba: tsohuwa ce, wai ta hura wuta kusa da abu mai haɗari. Aka ce in buga takardar korarta daga gindin bishiyar. Na ƙi, aka ba wani ya buga. Shugaba kuma aka yaba masa bisa saurin ɗaukar mataki.

Bayan katanga ta koma da kaskonta, inda ta ce ba mai bin ta da kwano. Gaskiya ta faɗa.